Wane caji ake nufi? Ga yadda za ka rarrabe

Wata ranar Alhamis, kasuwa na tsakar ci, wata dattijuwa daga Garin Malam ta tsaya a bakin rumfata da ke gefen Kasuwar Dole. Ba waya a hannunta. Ta gaishe ni har da tambayar iyali, sannan ta rage murya ta ce, "Ɗana, don Allah tambaya gare ni. Nawa kuke sa waya a caji?" Na ce, "Inna, ƙarama mai maɓalli dala goma, babba ta shafawa dala ashirin." Ta yi jim, ta ce, "To, akwai wayar da ke cin dala ɗari kullum ta Allah?"

Autanta ne, ɗan shekara 17. Kowace safiya sai ya karɓi dala ɗari a hannunta, wai kuɗin caji. Wata huɗu tana bayarwa daga cinikin ƙosanta.

Shekara 11 ke nan ina sana'ar cajin waya a Damagaram. Ina da allon katako mai ramukan wuta 40, kowace waya in manna mata lamba a baya, in ba mai ita guntun kwali mai lamba iri ɗaya. Kalmar "caji" kuwa, ina jin ta daga safe har dare, daga bakin yara da manya, kuma ba duk mai faɗinta ke nufin abin da nake sayarwa ba. Tun ranar da dattijuwar nan ta zo nake jin nauyin in faɗa wa iyaye da yayye abin da kunnena ya koya a rumfar nan, saboda ana iya yin maganar ƙwaya a gabanka, da ƙarfi, kana zaune, kai kana zaton maganar batir ake yi.

Abu na farko da za ka saurara shi ne mene ne ya ɗauki cajin. Waya ce, kan mutum ne, wuri ne, ko mutumin da kansa? Daga nan rabin aikin ya ƙare.

In waya ce, ko tocila, ko rediyo, ko batirin babur, to nawa ne, ba wata damuwa. "Sa mini a caji." "Ta cika?" "Ba ta riƙe caji." "Cajina ya kusa ƙarewa, zan kira ka." Daga watan Agusta na 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, har zuwa Maris na 2024 da aka maido ta, ban san kalmar da ta kai wannan yawo a gari ba. Tun da asuba mutane ke layi a gabana, janareta na ruri da man ƴan ruwa-ruwa, masu sayar da fetur a bakin hanya. Wannan cajin farashinsa sananne ne, kuma shi ne ma'aunin da ya fi sauƙi a hannun uwa: in an ce kuɗin caji, a tambayi nawa, a kwatanta da abin da mai rumfar unguwa ke karɓa.

Akwai kuma na kuɗi da na hukuma, wanda ba sai na daɗe a kansa ba. "Nawa ya caje ka?" wato nawa makanike ko tela ya yanka maka. "An caje motarmu a hanya," wato jami'ai sun bincike ta. Ƴan kasuwar da ke bin hanyar Matamaye zuwa Daura da Kano sun san "caji ofis" na ƴan sandan can. Ta wannan hanyar ma kalmar ta shigo mana, daga Ingilishin Najeriya. Waɗanda bakinsu ya saba da Faransanci za ka ji suna cewa "sharje", amma a kasuwa da tasha da fadar samari, wato wurin hirarsu, "caji" ce ta yi rinjaye.

In kuwa aka ce kai ne ya ɗau caji, a nan nake roƙon iyaye su yi hattara da saurin zargi. "Kaina ya ɗau caji" magana ce ta wanda tunani ya yi wa yawa, ko lissafi ya rikice masa, ko ransa ya ɓaci har yana jin zafi a ka. Ɗalibin da jarrabawar bak ta kammala sakandare ta matso, magidancin da ya je kasuwar dabbobi ana saura kwana uku Babbar Sallah ya ji kuɗin rago, matar da ta kwana a layin famfo ruwa bai zo ba, duk suna faɗin haka. Ƴar uwarta ita ce "kada ka caza mini kai." Babu maye a cikin wannan ko kaɗan. Na ga uban da ya mari ɗansa a gaban rumfata don ya ji yaron yana ce wa abokinsa kansa ya ɗau caji. Yaron lissafin makaranta yake nufi, littafin ma na hannunsa. Har yau in na tuna yadda ya tsaya riƙe da kunci, bai yi kuka ba, bai kuma ce komai ba, sai raina ya sosu. Yaron da aka mara a kan abin da bai yi ba, ranar da wani abu na gaske ya same shi ba wajen uban zai nufa ba.

Sai caji na murna da zumuɗi, wanda shi ne mai daɗin ji. Ka je ƙofar fadar Sarkin Damagaram da Sallah lokacin hawan ƙaho, mahauci ya tunkari bijimi, kalangu na tashi, mata na guɗa, za ka ji samari suna cewa fili ya ɗau caji. Haka lokacin kokowar takobi, wadda aka soma a Tawa a 1975 kuma take zagaya jihohi. Ranar da ɗan kokowar Damagaram ya yi kaye, ko a rediyo aka ji, unguwa kan ɗau caji, ƴan kabu-kabu su yi ta oda har dare. A gidan biki ana cewa ango ya ɗau caji in fara'a ta ƙi ɓoyuwa a fuskarsa. Alamar wannan ita ce, abin da ya jawo shi a fili yake, kowa na ganinsa, kuma jama'a ake tarayya a ciki. In kiɗa ya tsaya, shi ma ya sauka.

Inda abin ke soma rikicewa shi ne a bakin butar shayi. A kowace fada za ka ji wani ya ce, "Miƙo na farkon nan in yi caji." Na farko shi ne mai ɗaci, mai kore barci, kuma yawancin masu faɗin haka shayin kawai suke nufi. Ni ma ina faɗi. Dattijo ma kan ɓare goro ya ce bari ya ɗan yi caji. Amma a fadar nan guda, da jimlar nan guda, wani kafin ya kai kofin baki sai ya juya baya, ya ɓallo wani abu daga aljihu ya jefa a ciki. Kunne kaɗai ba zai raba maka su ba. Sai ka haɗa da ido.

To, ga wanda ya sa na ɗauki alƙalami. In mutum ne da kansa ya yi caji, kuma ba kiɗa, ba biki, ba shayi a gabansa, sai ka buɗe kunne. "Ya yi caji." "Bai yi caji ba tukuna, kada ka yi masa magana." "Wa ke da kayan caji?" Wadda ta fi tayar mini da hankali ita ce, "Ni sai na yi caji nake iya fita aiki."

Hausa ba ta rasa sunayen maye ba. Muna da ya bugu, ya yi mankas, ya yi tatul, a cake yake. Amma ka lura, duk waɗannan wani ne ke faɗinsu a kan wani, kuma da ƙyama ake faɗi. Ba yaron da zai dubi mahaifiyarsa ya ce ba ni kuɗi in je in bugu. "Caji" kuwa mutum na faɗinta a kan kansa ba tare da ya ji kunya ba, domin ba ta ɗauke da warin giya ko hoton mai tangaɗi a kwata. Tana nuna kamar ƙarfi ne ya ƙare za a ƙaro, kamar buƙata ce irin ta abinci. Wannan ne ya sa ta fi sauran haɗari a ganina. Mai faɗinta da yawa shi kansa bai ɗauki kansa mashayi ba.

Kuma akwai dalilin da ya sa kalmar ta manne wa tiramol fiye da komai. Tiramol, wato tramadol, maganin ciwo ne na gaske, an soma sayar da shi a Jamus a 1977, likitoci na rubuta shi ga wanda ya karye ko aka yi wa aiki. Dangin su kodin ne, amma yana da wani aiki na biyu a ƙwaƙwalwa wanda ke sa mutum a farko ya ji garau, gajiya ta tafi, ciwon jiki ya ɓace. Shi ya sa za ka same shi wajen masu aikin ƙarfi: ɗan kabu-kabun da ke son ya kai dare, ɗan ga-ruwa mai tura kura, mai fasa dutse, ɗan dako, manomi da damina. Ba don nishaɗi yawancinsu suka soma ba, don neman abinci ne. Na farmasi yawanci miligiram 50 ne ko 100, kuma ƙa'idar likita ba a wuce 400 a yini. Wanda ake sayarwa a ɓoye kuwa, mai shigowa ta fasa-ƙwauri, akwai mai 200, mai 225, mai 250. Ka lissafa da kanka: ƙwaya biyu ta 225 ta riga ta haura iyakar yini guda. Kuma jiki na sabawa. Wanda ya soma da rabi, bayan ƴan watanni rabin ba ya yi masa komai.

Ba tiramol kaɗai ake kira kayan caji ba. Akwai diyazefam, akwai wiwi, akwai sholisho da yara ƙanana ke shaƙa a tsumma, akwai maganin tari mai kodin, wanda Najeriya ta haramta yinsa da shigo da shi a watan Mayu na 2018. Amma a abin da nake gani daga rumfata, ƙwayar ce kan gaba, saboda ba ta da wari, ba ta da hayaƙi, kuma tana shiga ƙaramin aljihun wando.

Yanzu yadda za ka duba. Kada ka kafa hujja da jan ido. Da hunturu ƙura na ja wa kowa ido a garin nan, ɗan kabu-kabu kuwa idonsa ja ne ko da bai taɓa shan komai ba. Abin da ya fi faɗin gaskiya shi ne safiya. Wanda jikinsa ya saba da tiramol, in ya tashi bai samu ba, za ka ga hamma ba iyaka, hanci na zuba, ido na hawaye, gaɓoɓi na ciwo, ƙafa ta ƙi zama wuri ɗaya, ga saurin fushi a kan abin da bai kai ya kawo ba. Kamar mura, amma murar da ke warkewa cikin awa guda da zarar ya fita ya dawo. Ya dawo da surutu, da kuzari, yana susar hanci da wuya, bakinsa a bushe, yana gumi, abinci kuwa ya ture. In ka dubi ƙwayar idonsa a inuwa, wani lokaci za ka ga baƙin tsakiyar ya tsuke. Can da rana ko da yamma sai gyangyaɗi a zaune. Mai diyazefam ko kodin shi maganarsa ce ke ja, harshe ya yi nauyi. Mai wiwi ga cin abinci. Mai sholisho warin na jikin rigarsa, kuma hannunsa ɗaya kullum a dunƙule kusa da baki.

Alama ɗaya ba ta isa ba. Ni abu uku nake haɗawa: kalmar, kuɗin, da safiyar. In yana yawan ambaton caji a kan kansa, kuɗin da yake nema ya fi na waya kuma kullum ne a lokaci guda, sannan safiyarsa ta zama yadda na faɗa, to lokacin magana ya yi.

Ban koyi wannan a littafi ba. Yaron da ke taya ni aiki, wanda na riƙe shekara uku kamar ƙanina, shi ne ya faɗi a cikin rumfar nan wata rana da azahar. Yana miƙa wa wani waya sai ya sandare, ya kife a kan allon, wayoyin mutane suka watse a ƙasa. Jikinsa na jijjiga, kumfa na fita a bakinsa. Kafin ka ce me, jama'a sun taru. Wannan na cewa aljanu ne, wancan ya kawo cokali a sa masa a baki, wata mai fura ta miƙo nono a ɗura masa. Allah Ya sa akwai wani ma'aikacin jinya da ya zo karɓar wayarsa. Ya daka tsawa kowa ya ja baya, ya cire hularsa ya sa a ƙarƙashin kan yaron, ya janye benci da wayoyin wuta daga kusa da shi, yana duba agogo. Da jijjigar ta lafa, ya juya shi ya kwantar ta gefe. Sannan ya laluba aljihunsa ya zaro katin ƙwaya, saura biyu a cikin goma, ya nuna mini ba tare da jama'a sun gani ba. Wata shida yaron nan yana ce mini, "Maigida, bari in je in yi caji in dawo," ni kuma ina zaton shayi yake zuwa sha.

Abin da ma'aikacin jinyar ya koya mini a ranar, ga shi, don tiramol in ya yi yawa yana kawo irin wannan faɗuwa ko ga wanda bai taɓa farfaɗiya ba. Kada a danne mutum. Kada a cusa masa cokali ko yatsa, ba ya haɗiye harshensa, haƙori kawai za a karya masa. Kada a ɗura masa nono ko madara ko ruwa yana cikin wannan hali, huhu za su tafi su shaƙe shi. A kawar da abin da zai ji masa ciwo, a tallafi kansa, a kwantar da shi ta gefe. In jijjigar ta wuce minti biyar, ko ta tsaya ta sake dawowa, ko an tashe shi ya ƙi tashi, ko numfashinsa ya yi ƙasa leɓɓansa suka sauya launi, a nufi asibiti nan take, a tafi da katin ƙwayar don likita ya san da me yake faɗa. Addu'a a yi ta a hanya, ba ta hana tafiya. Haɗarin ya fi yawa ga wanda ya haɗa ƙwayar da diyazefam ko giya, domin duka suna danne numfashi.

Maganar da za ka yi da yaro kuwa, wuri da lokaci sun fi kalmomin muhimmanci. Ba a gaban ƙannensa ba, ba a gaban abokansa ba, ba kuma da safe lokacin da jikinsa ke nema ba. Ni bayan sallar isha'i na zaunar da nawa, mun rufe rumfa, mu biyu. Kada ka tambaye shi, "Kana sha?" Amsar a'a ce, ko da rantsuwa, kuma daga nan ƙofa ta rufe. Ce masa, "Na san abin da ake ciki, ba faɗa na kira ka ba. Guda nawa kake sha a rana?" Tambayar lamba tana nuna masa an wuce wajen musu, kuma lambar ce likita zai fara nema. Ka kuma kira abin da sunansa. Kada ka ce caji, ka ce ƙwaya, ka ce tiramol. Ranar da na ce wa yarona, "Ba caji kake yi ba, tiramol kake sha," sai da ya sunkuyar da kai ya daɗe, kamar ranar ya fara jin labarin. Na ɗauko masa wani batir da ya kumbura har ya ɗaga murfin waya, irin waɗanda nake tarawa a gwangwani, na ajiye a tafin hannunsa. Ya san abin da ke kumbura batir, aikinsa ne. Ban ƙara komai a kai ba.

Kada kuma ka ce daga gobe ya daina gaba ɗaya, ka kulle shi a ɗaki ko ka sa masa mari. Wanda ya daɗe yana sha, in aka yanke masa lokaci guda, ciwon jiki da zawo da rashin barci da firgici kan taso masa har ya gudu ya koma, wani lokaci ya sha fiye da da. Likita ne ke tsara yadda za a riƙa ragewa sannu a hankali. Ka raka shi da ƙafarka, kada ka aike shi. A gida kuma a daina ba shi kuɗi a hannu na ɗan lokaci, abin da yake buƙata a saya masa. A matsa masa da abinci da ruwa. In aikin ƙarfi ne ya kai shi, a duba yadda za a rage masa nauyin, don in zai koma tura kurar ruwa daga asuba zuwa magariba da cikin da ba komai, maganar banza ake yi. Fadarsa ma kada a raba shi da ita ba tare da an ba shi wani wurin zama ba. Nawa ya koma sau biyu kafin ya tsaya. Yau shekara biyu ke nan, yana da teburinsa na gyaran waya a Sabon Gari.

Dattijuwar nan ta Garin Malam, ban faɗa mata duk wannan a tsaye ba. Na ba ta benci, na ce, "Inna, gobe in ya nemi kuɗin caji, ki ce ya ba ki wayar, ke za ki kawo. Ni zan sa mata wuta, ba sai kin biya ba." Washegari ta zo da ita ƙulle a bakin mayafi. Ƴar ƙarama ce mai maɓalli, irin wadda ke kwana uku ba ta nemi wuta ba, kuma a cike take. Na nuna mata layukan batirin a fuskar wayar, na ƙirga mata su. Ta dube su, ta ce, "Innalillahi," a hankali, ta share ido da gefen mayafin. Na ce ta bar wayar a wajena, ta ce masa ya zo da kansa ya karɓa bayan isha'i.

Sai a dare na uku ya zo. Dogo, siriri, yana susar wuya, ya miƙo kwalin lamba ba tare da ya dube ni ba. Na ce, "Ƙanina, zauna mu sha shayi tukuna." Ya zauna a bakin benci kamar mai shirin tashi. Na zuba masa na biyu, mai ɗan zaƙi, na jira ya kurɓa, sannan na yi masa tambayar. Ya juya kofin a hannunsa ya fi sau goma kafin ya ce, "Huɗu, Yaya. Wata rana biyar." Muka yi da shi ranar Litinin da safe zan rufe rumfa, in biya ta gidansu mu ɗauki Inna, mu tafi asibiti mu uku.